Ba Tsibirin Gobir Ba

Malam Ilya bai taɓa kiran sunan 'yarsa Mardiya da bakinsa ba. 'Yar fari ce, shi kuma mutumin Tsibirin Gobir ne, garin nan da ke gefen Maraɗi, kuma a gidansu uba yana jin nauyin ɗansa na fari har tsufa. Ya daɗe a Faransa yana koyar da lissafi a wata makarantar sakandare da ke Stains, a gefen Paris, amma wannan kunya ba ta bar shi ba. In zai kira ta, "ke" yake cewa. In zai yi zancenta da wani, sai ya ce "mutuniyar". In an tambaye shi sunanta a ofis, sai ya rubuta a takarda ya miƙa. Matarsa Zainabu, kafin ta rasu, takan yi masa dariya ta ce, "Malam, ranar da yarinyar nan za ta ɓace a kasuwa, da me za ka yi cigiya?"

Wata Asabar, makarantu sun shiga hutun bazara, yana kasuwar Barbès ta cikin Paris yana zaɓen kuɓewa a ƙarƙashin gadar metiro, sai wayarsa ta yi ƙara. Mardiya ce daga Lyon, inda take aiki a wani ɗakin binciken magunguna. A Stains aka haife ta, Faransanci ya fi zama a bakinta, amma tun rasuwar uwarta take ƙoƙarin yi masa Hausa, tana tsinto kalmomi ɗaya-ɗaya kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.

"Baba, ina wuni?"

"Lafiya lau. Ya aiki?"

"Alhamdu lillahi. Baba, na samu bakansi, hutu mai tsawo. Zan tafi tsibiri."

Jirgin metiro ya ratsa ta kansa da rugugi. Ya toshe ɗaya kunnen da yatsa.

"Ina kika ce?"

"Tsibiri. Na daɗe ina so in je, ina tsoron gaya maka ne."

Malam Ilya ya ajiye kuɓewar. Sau ɗaya tak ya taɓa kai ta gida, tana ƙarama, sauro ya cinye ta, masassara ta kwantar da ita, ta dawo tana rantsuwa ba za ta ƙara ba. Duk shekara yakan yi mata tayi a kaikaice, ita kuma ta zille. Ga shi yau da bakinta.

"Damina ce fa can yanzu," ya ce, yana danne murnar da ke son fitowa a muryarsa. "Ga ruwa, ga sauro."

"Na sani, na sayi magani. Jakar goyo guda kawai zan ɗauka. Amma Baba, s'il te plaît, don Allah kar ka gaya wa kowa."

Ya yi murmushi. Wato so take ta faɗo wa kakarta Inna ba zato ba tsammani.

"Kin san hanya?"

"Na shirya komai. Jirgi, mota, duk."

Wani uban da ya yi tambaya ɗari. Shi kuwa yawan tambaya ga 'yar fari nuna so ne a fili, abin kunya. Sai ya faɗi abin da ake faɗa wa kowane matafiyi.

"To, Allah shi kiyaye hanya. Ki gaishe su."

"Za su ji," ta ce, kamar yadda uwarta ta koya mata.

Ya riƙe alkawari, bai gaya wa kowa ba. Wayarsa tsohuwa ce mai maɓallai, ba ta karɓar hoto, ya kuma ƙi canza ta domin ta Zainabu ce. Gajerun saƙonni ne kawai suke shigowa, yana karanta su a kan teburin cin abinci kamar yana duba jarrabawar ɗalibin da ya fi so. "Na sauka lafiya. Zafi!" Ya gyaɗa kai. "Mutanen nan suna da kirki, sun cika ni da abinci." Ya ce a ransa, ai kin san Inna. "Yau na shiga kwalekwale, na ji tsoro." Lallai gulbi ya kawo ruwa bana. "Kifi safe, kifi dare, na gaji." Nan ya ɗan tsaya, domin gidansu ba gidan cin kifi ba ne, amma sai ya tuna tafkin Madarunfa ba nisa, ƙila ƙanensa Nouhou ne yake yi wa baƙuwa bajinta.

Na ƙarshe ya ce: "Rezo babu kyau, waya ba ta kamawa. Na ɗan ji ciwo a ƙafa, ba komai."

Daga nan shiru. Mako ya zagayo, wani ya kama hanya. Ya kira lambarta, a kashe. Ya sake, a kashe. Abin da ya fi damunsa ma, Inna ba ta sa an kira shi ta yi masa guɗa ba, alhali ba ta iya riƙe farin ciki ko na yini guda.

Ya sauka Barbès, shagon abokinsa Daouda, mutumin Garwa mai sayar da wayoyi, inda ya saba kiran gida.

"A'a, Malam mai wayar kakanni!" Daouda ya ce. "Yau dai ka zo mu yi mata jana'iza?"

"Sai na yi taka tukuna. Haɗa ni da Nouhou."

Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi Inna da ciwon gwiwarta, aka tambayi gero ko ya fara kai. Sannan Malam Ilya ya gyara murya.

"To, ya baƙuwarku? Ta ishe ku da Faransanci ko?"

"Wace baƙuwa, Yaya?"

"Kai Nouhou, asiri ya ƙare. Ba ni ita."

"Wallahi Yaya, ban san mi kake faɗi ba. Babu wanda ya sauka gidanga tun sallah, sai mai gyaran rufi."

"Mutuniyar fa. Ta Lyon."

Ta cikin wayar ana jin akuya tana kuka.

"Mardiya? Yaushe ta taso?"

Da ya faɗa masa, Nouhou ya yi salati da ƙarfi har Daouda ya jiyo daga bayan kanta. Malam Ilya ya matsa jikin kanta. Ya dafa gilashin da wayoyi ke jere a ciki.

"Kar Inna ta ji," shi ne kawai abin da ya iya faɗa. "Ka tafi Maraɗi. Tashoshi, asibiti, jandarma. Ka kira mutanenmu na Yamai."

Daouda ya ba shi kujera, ya karɓi tsohuwar wayar ya karanta saƙonnin ɗaya bayan ɗaya. Wasa ya bar fuskarsa.

"Malam, in ba ta isa ba, to wa ya rubuto waɗannan?"

Wannan tambaya ita ta hana shi cin abinci a kwanakin da suka biyo. Kowa ya san labaran da ake ji game da hanyoyin ƙasar, motocin da ake tarewa, mutanen da ake shiga daji da su. Ya sake karanta saƙonnin, kowanne ya canza fuska. "Mutanen nan suna da kirki." Waɗanne mutane? Wa yake tsaye a kanta lokacin da take rubutawa? "Na ɗan ji ciwo a ƙafa." Tafiya suka sa ta cikin ƙaya? Nouhou yana kira safe da yamma, muryarsa tana ƙara dushewa. Ya zaga tashoshi da hotonta na yarinta, wanda shi kaɗai ke gare shi. Ya leƙa ɗakunan asibiti, har inda ake ajiye gawa ya shiga. Babu wanda ya ga budurwa mai jakar goyo da Hausar da ba ta nuna ba.

Malam Ilya ya je wurin 'yan sanda a unguwarsu. Wata jami'a mai haƙuri ta zaunar da shi, ta ba shi ruwa. Wane jirgi ta hau? Bai sani ba. Daga wane filin jirgi? Bai sani ba. Ita kaɗai ko da wani? Ranar dawowa? Ya zauna, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana neman amsa daga bakin yara, ba shi da ko guda. Da ta tambayi sunan, ya jawo takarda ya rubuta. Ta ce za su bincika, amma yarinyar babba ce, abin yakan ɗauki lokaci. Ta ba shi shawara ya je gidanta na Lyon, ƙila akwai wanda ya san wani abu.

Ya hau jirgin ƙasa na farko da sassafe. Gonaki suna wucewa ta taga, shanu farare a kan ciyawa, shi kuwa bakinsa yana motsi da addu'a, carbi ya jiƙe da gumi a tafinsa. Maganar Zainabu ta dawo masa, ta cigiya a kasuwa, ya kawar da ita da ƙarfi.

Gidan yana unguwar Guillotière, hawa na uku, sama da wani mai sayar da burodi. Ya san Mardiya tana zaune da wata abokiyar aikinta, Agathe, amma bai taɓa ganinta ba. Ita ta buɗe ƙofa, doguwar Bafaranshiya, fatar hancinta tana saɓulewa saboda ƙunar rana, idanunta jajaye. A bayanta, tsakiyar falo, ga wata babbar jakar goyo a buɗe, yashi ya zubo daga cikinta.

"Monsieur Ilya!" ta ce da Faransanci, ta kama ƙofar. "Na gane ku daga hoto. Na rasa lambarku, na nema ko'ina. Kun ji daga gare ta?"

"Abin da na zo tambayarki ke nan. Ta tafi Nijar, garinmu, ba ta isa ba."

Agathe ta dube shi kamar bai yi magana da harshen da ta sani ba.

"Nijar? Tare muka tafi Endonesiya. Ni hutuna ya ƙare na dawo, ita ta ci gaba."

"A'a. Da bakinta ta gaya mini."

"Ta gaya muku, i. Ina zaune a nan lokacin da ta kira ku. Ta ajiye waya tana kuka don murna. Ta ce ta zaci za ku hana, 'ya mace da jaka a bayan duniya, sai ga shi har kun ce ta gaida mutanen can. Ta roƙe ku kar ku faɗa, don kar abokanku na Montreuil su sa ta a baki."

"Ce mini ta yi za ta Tsibiri."

"Mene ne Tsibiri?"

"Sunan garinmu ne. Kalmar Hausa ce, tana nufin..." Malami ne, bakinsa ya saba da bayani, ya riga hankalinsa. "Tana nufin ƙasar da ruwa ya kewaye. Une île."

Ya ji kalmar ta fito, ya tsaya. Sannan a hankali ya zauna a kan jakar da ke tsakiyar falon, domin babu kujera kusa.

Shi ya koya mata. Tana 'yar ƙarama, ya ɗora ta a kafaɗa a kan wata gada a tsakiyar Paris, ya nuna mata gidajen da kogi ya raba biyu ya kewaye, ya ce, "Wannan shi ake kira tsibiri." Shi ya manta. A kunnensa kalmar ba ta da ruwa ko ɗigo, sai jar ƙasa da rumbunan gero da zauren gidansu. Ita kuwa ta adana ta shekara da shekaru, ta fito da ita daidai, ba kuskure.

"Alhamdu lillahi," ya ce. Babu daji, babu 'yan bindiga. Numfashi ya sauko masa har ciki. Amma da ya ɗaga kai ya ga fuskar Agathe, sai ya gane bai kamata ya yi saurin godiya ba.

Ta zauna a ƙasa gabansa, ta buɗe wayarta tana nuna masa hotuna, tana magana da sauri kamar mai tsoron yin shiru. Ga Mardiya a bakin teku, ɗankwali ya jiƙe, tana dariyar da bai taɓa gani a fuskarta ba. Ga su a wani masauki na katako inda kuɗin cizo ya hana su runtsawa, suka kwana zaune a kan jakunkunansu. Ga jirgin ruwan da suka yi yini da kwana a cikinsa tsakanin buhunan albasa da kejin kaji, Agathe tana amai, Mardiya tana riƙe mata gashi. An sace musu takalma a ƙofar wani gidan abinci, suka yi yawo da silifa ɗaya ja ɗaya shuɗiya. Wani direba ya sauke su a inda ba nan suka ce ba, ruwa ya dake su har cikin fasfo. Washegari kuma suka farka suka ga teku kwance kamar faranti, kififiya tana iyo a ƙarƙashin kwalekwalensu, manyan kifaye suna tsalle a gefe. A wani ƙauye matan gari suka ga Mardiya tana salla a gindin kwakwa, suka janye ta zuwa gidan biki, suka yi mata lalle, suka hana ta tafiya sai da ta ci abinci a gida biyar.

"Kullum sai ta ce, da Baba ya ga wannan," Agathe ta ce.

Malam Ilya ya ci gaba da duba hotunan. Ya tsaya a kan wani hoto, ƙafar Mardiya ɗaure da tsumma.

"Dutsen cikin teku ne ya yanke ta, irin mai kaifin nan. Na ce mu je asibiti, ta ce ƙaramin abu ne. Ranar da muka rabu ya fara kumbura. Ta ce za ta ga wasu ƙananan tsibirai can gabas, sannan ta dawo babban gari ta hau jirgin sama. Monsieur Ilya, jirginta ya sauka shekaranjiya. Na je tarbarta. Ba ta ciki."

Ta ce ta kira ofishin jakadanci, sun karɓi bayani, sun ce a wannan yanki yanzu lokacin iska ne, teku ya rufe, jiragen ruwa sun daina zirga-zirga, tsibiran kuwa ba su ƙirguwa. Jiya mai masaukinsu na ƙarshe ya amsa mata saƙo, ya ce ya ga Mardiya ta shiga wani kwalekwale mai inji, ya kuma ba ta lambar wani mai jirgi.

"Kira shi."

"Yanzu can la'asar ta kusa. In rana ta faɗi, yawancin ƙauyukan ba su da rezo sai gobe."

"To kira shi yanzu."

Suka fara. Agathe tana magana da Ingilishi, a hankali, tana maimaitawa, Malam Ilya yana kallon bakinta domin ba ya jin ko kalma. Mai jirgin ya ce ba shi ya ɗauke ta ba, ɗan'uwansa ne. Ɗan'uwan bai ɗauka ba. Suka sake, suka sake. Da ya ɗauka, iska tana kaɗawa a bayan muryarsa, ya ce shi ma ba shi ba ne, amma ya ji labarin wani kwalekwale da injinsa ya mutu a tsakiyar ruwa, igiyar ruwa ta tafi da shi. Wasu sun ce ya kife. Wasu sun ce ya dangana da wani tsibiri.

Agathe ta fassara masa rabin farko, ta tsaya.

"Faɗi duka," ya ce. "Ni ba yaro ba ne."

Ta faɗa. Tunaninsa ya tafi kan Mardiya a tsakiyar teku. Yarinyar da ya hana shiga wurin ninkaya na makaranta sai da uwarta ta yi masa faɗa. Ya tashi, ya je taga, ya dawo, ya sake zama a kan jakar.

Mutumin ya ba su lambobi na ƙauyuka uku da ke wajen da igiya take kai abu. Na farko bai shiga ba sam. Na biyu wani tsoho ya ɗauka, ya saurari Agathe, ya ce babu wani Bature a wurinsu tun bara. Saura ɗaya, lambar wata ungozoma, wadda ita ce likitar tsibirinsu gaba ɗaya.

Ta ɗauka. Murya ce ta mace mai shekaru, a gajiye. Agathe ta sa wayar a fili don ya ji. Ta tambaya ko akwai Bafaranshiya a wurin, 'yar yawon buɗe ido. Matar ta ce babu, babu Faransa, babu 'yan yawo. Agathe ta faɗi sunan, yadda take faɗarsa kullum, da ra ɗin Faransawa da ke fitowa daga maƙogwaro, har ya koma kamar "Maghdia". Matar ta ce ba ta sani ba, ta ba da haƙuri, ta kashe.

Agathe ta kifa kai a gwiwa ta fashe da kuka.

Malam Ilya yana zaune bai motsa ba. Ba maganar matar yake juyawa ba, domin bai fahimce ta ba. Wani abu ne da ya ji a bayan muryarta, can nesa, siriri, iska tana yanka shi: ladan yana kiran la'asar. Ya tuna matan da suka janye ta daga gindin kwakwa. Waɗannan mutane, in sun ga baƙar yarinya da ɗankwali tana alwala, wa zai ce musu Bafaranshiya ce?

"Sake kira," ya ce. "Ba ni."

Wayar ta yi ta ƙara har ya fid da rai. Sannan aka ɗauka.

"Assalamu alaikum wa rahmatullah," ya ce.

Muryar ta canza, ta buɗe, ta amsa masa sallamar cikakkiya har da wa barakatuhu, sannan ta jira.

Ba shi da Ingilishi. Ba shi da harshensu. Duk duniya kalma ɗaya ce ta rage tsakaninsa da wannan mata, kuma babu takardar da zai rubuta ya miƙa. Ya buɗe baki, harshensa ya yi nauyi kamar na wanda ya tashi daga jinya. Ya ji kunya ta taso masa, ta gidansu, ta ubansa da kakansa, a gaban wata 'yar mutane da ke kuka a ƙasa. Ya rufe ido. Ya faɗe shi yadda liman ya faɗa ranar suna, a ƙaramin falonsu na Stains.

"Mardiyya."

Shiru.

"Mardiyya," ya sake cewa, da ƙarfi, muryarsa ta tsage. "Mardiyya!"

Sai matar ta ƙwalla ihu. "Mardiyah! Mardiyah Afrika!" Ta ci gaba da zuba magana, ana jin ta tashi da gudu, silifarta tana dukan ƙasa, kaji suna watsewa, yara suna ɗaukar sunan suna maimaitawa. Ƙofar katako ta yi ƙara. Aka yi magana ƙasa-ƙasa. Malam Ilya ya riƙe wayar da hannu biyu. Bai san ko gudun albishir ba ne ko na kai shi bakin kabari.

"Allô?"

Muryar ta yi siriri, kamar an wanke ta an matse.

"Ke," ya ce. Sauran ya ƙi fita.

"Baba? Baba!"

Kuka ya ci ƙarfinta, ya jira. Da ta samu kanta, ta ba shi labari guntu-guntu, Hausa da Faransanci a cakuɗe. Inji ya mutu, sun kwana a kan ruwa suna kwarfe shi da kwanon abinci. Igiya ta tafi da jakarta da waya da komai, fasfo kaɗai ya tsira don yana ɗaure a cikinta. Masunta ne suka jawo su. Ƙafar ta kumbura har gwiwa, masassara ta ɗauke ta, ba ta san kwana nawa ba. Matar nan, Nour, ita ta tsaga ciwon ta wanke, ta kwantar da ita a gadon 'yarta. Da ta farfaɗo ta so kira, amma wayar Nour ba ta fita ƙasar waje.

"Ƙafar fa yanzu?"

"Da sauƙi."

"Kar ki yi mini da sauƙin Hausawa. Gaya mini."

"Ba na iya takawa, Baba. Nour ta ce sai babban asibiti, maganinta ya kusa ƙarewa. An ce in iska ta kwanta, jirgi zai zo."

Ya maimaita wa Agathe da Faransanci. Ta riga ta share hawaye ta jawo kwamfuta, tana neman lambar inshorar tafiya da ta ofishin jakadanci. Yanzu akwai sunan tsibiri da za a ba su, akwai lambar da za a kira.

"Za a zo a ɗauke ki," ya ce. "Ko su, ko ni."

"Kai da ba ka son ruwa?"

"Ke dai ki rufe ƙafar, kar ƙuda ya taɓa."

"Baba." Muryarta ta ɗan yi ƙarfi, har da wani abu mai kama da dariya. "Nour ta ce wani namiji ne ya faɗi sunana. Har sau uku. Wane ne?"

Malam Ilya ya dubi yashin da ke kan daɓen falon.

"Rezo ne ba kyau," ya ce. "Ba ta ji daidai ba."

"Baba, don Allah, ka sake..."

Layin ya yi ƙara, ya tsinke. Suka daɗe suna ta kira, bai shiga ba. Rana ta faɗi a can.

Yana nan zaune da wayar Agathe a hannu, sai tasa tsohuwar ta yi ƙara a aljihu. Nouhou ne, daga wata tashar mota, ana jin masu lodi suna kiran fasinjan Dakoro.

"Yaya, na sake zagawa. Wani yaron mota ya ce kamar ya ga..."

"Nouhou, koma gida. An same ta. Tana da rai."

"Allahu akbar! Allahu akbar! Ina take?"

"Tana tsibiri."

"Yaya," Nouhou ya ce, kamar zai yi kuka, "wallahi tallahi ba ta nan. Har rumbu na duba."

Malam Ilya ya buɗe baki zai yi bayani, sai abin ya zo masa gaba ɗaya, dariya da kuka a haɗe, ya kasa raba su. Agathe ta ɗago kai daga kwamfutar tana dubansa. Ya share fuska da hularsa, ya gyara zama a kan jakar.

"Samu wuri ka zauna," ya ce wa ƙanensa. "Zan fara maka daga farko."